Takwarar Lamba Bakwai

Shekara tara na yi ina horar da 'yan mata ƙwallon kwando a wata babbar makaranta mai zaman kanta da ke kan hanyar Kossodo, kuma a duk shekarun nan doka ɗaya tak na kafa. Yarinyar da ba ta kawo goma bisa ashirin a jarrabawar rabin shekara ba, ba za ta taɓa mini ƙwallo ba, ko da kuwa ita ce ke ci mana rabin kwandunanmu. A nan Wagadugu goman nan ita ake ce wa muwayen, ita ce iyakar da ta raba wanda ya ci da wanda ya faɗi. Yaran sun laƙaba mini suna saboda ita, suna tsammanin ban sani ba. Na sani sarai, a ɓoye ma daɗi nake ji.

Ba tsoron Allah kaɗai ya sa na kafa dokar ba, har da haushin abin da aka yi mini. Ni haifaffiyar Zango ce, jikar fataken goro, kuma Allah ya yi ni doguwa tun ina 'yar shekara goma sha biyu. A wani fili na siminti da ke Koulouba na fara jefa ƙwallo, filin da yanzu babu ko alamarsa. Malamai suka riƙa tura ni aji na gaba don kada ƙungiyar makaranta ta rasa ni, ni kuwa ina washe baki ina ganin gata ake yi mini. Ranar da na zauna jarrabawar gwamnati, inda babu wanda ya san na iya ƙwallo, na faɗi warwas. Na sake, na sake faɗuwa. Sai a karo na uku na tsallake da ƙyar, lokacin sa'o'ina sun yi nisa, gwiwata ta hagu kuma ta riga ta gama aiki. Shi ya sa da aka ba ni yara na rantse cewa duk wadda ta bi ta hannuna, sai ta fita da takardar da ita da kanta ta yi wa gumi.

Yarinyar da wannan magana ta fara a kanta maƙwabciyata ce. Bayan an rushe yawancin unguwarmu dangi sun watse, wasu unguwar Cissin, wasu can bayan gari, mu 'yan tsiraru muka rage a gidajen da katafila ba ta kai gare su ba. Gidansu yana kallon namu. Wata rana na ga ta miƙa hannu ta ciro zanen da iska ta jefa kan rufin kwano ba tare da ta yi ɗage ba, sai na ce a raina wannan tawa ce. Mahaifinta, Alhaji, ɗan kasuwar atamfa ne, abokan cinikinsa Kanawa, kuma a wurinsa macen da ke gudu a fili da gajeren wando addu'a take buƙata. Sau uku ina zuwa zaurensa. Na farko ya ce zai yi shawara. Na biyu ya yi mini wa'azi har shayina ya huce. A na uku na gaya masa makarantar tana ɗauke wa 'yan wasanta nauyin karatu na shekara uku cur, yarinya za ta sa dogon wando a ƙarƙashin na wasa, ta ɗaure kanta, ni kuma da kaina zan riƙa maido ta gida a bayan babur ɗina kafin magariba. Ya ja carbinsa, sannan ya ɗago.

"Ƙanwata, ƙwallo dai ba ta dame ni ba. Karatun nake so ya shigo gidan nan. Amana ce na ba ki."

Ranar da nake cike mata takardu na fara ganin sunanta na yanka. Tun tana goye nake ganinta, ban taɓa jin an kira ta da shi ba. Sunan kakarta ne, mahaifiyar Alhaji, wata tsohuwa mai faɗa da ta rasu 'yan watanni kafin a haife ta. A wurinmu ɗa ba ya kama sunan uwarsa da baki, don haka in ya mayar wa 'yarsa sunan sai ya riƙa ce mata uwata, matan gida su ce mata mama, sauran unguwa su bi. Sunan gaskiya yana can kwance a takardar haihuwa, tare da sunan zuriya da Nasara suka liƙa wa kowane gida tun zamanin kakanninmu, ba mai tayar da shi sai ma'aikacin gwamnati. Na rubuta shi a takarda, na ba ta riga mai lamba bakwai. Daga ranar, lamba bakwai nake kiranta, a nan ma haka zan kira ta.

Ta iya ƙwallo, wannan ba na ja. Cikin wata uku ta koyi abin da ya ɗauke ni shekara biyu, kuma in ta tsaya a ƙarƙashin kwando ta ɗaga hannuwa, abokan karawa sai dai su nemi wata hanya. Amma da sakamakon rabin shekarar farko ya fito, shida ta kawo. Shida bisa ashirin. Na karɓe rigar na sa a jakata, na nuna mata benci. Ta yi kuka, uwarta ta aiko mini da tuwo da miyar kuka har sau biyu, na cinye na mayar da kwano, riga tana nan a jakata. Wasa huɗu muka yi babu ita, aka lallasa mu a uku.

Mai makarantar mutum ne mai fara'a, mai son ganin hoton 'yan wasansa a manyan alluna a bakin kwalta, don su ne tallarsa. Na yi zaton zai zo mu yi faɗa, har na tanadar masa baƙaƙen maganganu. Sai ga shi a bakin fili da murmushinsa, ya ce dokata ta burge shi, shi ma malami ne kafin ya zama mai makaranta, in bar masa maganar yarinyar zai sa a taimaka mata. Rabin shekara na biyu ta kawo goma sha uku. A shekara ta biyu ta hau goma sha huɗu, ba ta sake sauka ba.

Nan fa kaina ya kumbura. Na riƙa yawo da kwafin sakamakonta a jaka kamar laya. A taron masu horarwa, inda maza suke cewa yarinya mai ƙafa ba ta da kai, na fito da takardar na kaɗa musu a fuska. Sababbin yara kuwa sun gaji da jin labarin wadda ta tashi daga shida zuwa sha huɗu saboda na zaunar da ita a benci. Kowace rana kafin mu fara motsa jiki akwai awa ɗaya ta karatu a gindin itatuwan dogon yaro, kowa da littafinta a cinya. Na lamba bakwai sun fi na kowa tsabta, ƙananan haruffa a jere, an ja wa muhimman kalmomi layi da jan biro. In na ce ta yi wa wata bayanin darasi, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta iya bayani ba, sai dai ta ba da aron littafin. Na ce kunya ce irin ta 'yan Zango. Kowane mako kuma ina ganin rubutun hannunta a takardar wasa, karcen kaza ya fi shi kyau. Ban taɓa haɗa biyun ba, don ba na so in haɗa.

Da safe ina koyar da motsa jiki a wata makarantar gwamnati, saboda haka ban taɓa taka waccan makarantar kafin la'asar ba, kuma kowa ya san haka. A shekararta ta uku, saura wata huɗu su gama, aka matso mana da wani wasa daga Asabar zuwa Juma'a. Na kira wayarta, a kashe. Ina da awa biyu babu aji, sai na hau babur na nufi Kossodo da hantsi. Na tambayi ajin 'yan shekarar ƙarshe na sashen dokokin kasuwanci, na ƙwanƙwasa, na ba malamin haƙuri, na faɗa masa cikakken sunan wadda nake nema. Ya juya ya kira sunan ba tare da ya duba takarda ba, irin kiran da malami ke yi wa ɗalibar da yake ji da ita.

Wata 'yar gajeriyar yarinya mai tabarau ta miƙe daga layin gaba. Ta fito, ta ja ƙofa, ta rusuna.

"Gwaggo, ina kwana."

Na san ta. 'Yar ƙanin Alhaji ce, wanda ya koma Cissin bayan rushe-rushen, yana aiki a wata masana'anta har aka rufe ta. A gidan biki da gidan suna nake ganinta, kullum a gefe, ita ma mama ake ce mata. Ina tsaye a barandar nan abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Tsohuwa ta rasu ta bar 'ya'ya maza biyu, matansu duka da ciki, kowacce ta haifi mace, kowane ɗa ya mayar da sunan uwarsa. Sunan yanka ɗaya, sunan zuriya ɗaya, shekara ɗaya, kwana goma sha tara ne tsakaninsu. Duk ɗan Zangon da aka tasa daga barci zai gaya maka haka za a yi. Ni da na tashi a cikin al'adar, ni ce na yi shekara biyu ban yi wannan tunanin ba.

Na ja ta bayan ginin, ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ci jarrabawar gama sakandare da sakamako mai kyau, ta zauna a gida don babu halin ci gaba. Lokacin da na karɓe rigar lamba bakwai, mai makaranta ya kira uwar ita lamba bakwai ɗin. Uwar kuma cikin kuka ta ce ikon Allah ke nan, ga takwararta can mai kai tana zaune a gida, ga wannan mai tsawo an ba ta makaranta. Daga wannan maganar ya samo dabararsa. Aka sauya wa rajistar sashe don kada 'yan ajin farko su gane, aka yi kati biyu da lamba ɗaya, ɗaya da hoton doguwa don fili, ɗaya da hoton gajeriya don aji. Gajeriya ke zuwa da safe, ita ke zama jarrabawa. Da azahar ta miƙa wa 'yar'uwarta littattafai a bakin ƙofar makaranta, ita kuma ta kawo mini su gindin dogon yaro.

Na tambaye ta, in takardar ta fito ta wace ce? Ranar haihuwar da ke cikin rajista ta lamba bakwai ce, sunan uba da na uwa su ma na lamba bakwai ne. Ta ce mai makaranta ya yi alkawarin gyarawa a ƙarshe. Na yi dariyar takaici na ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka za a yi mata. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

"Gwaggo, pardon, don Allah, saura wata huɗu. Ko ba a ba ni diplom ɗin ba, takardar gamawar, ki bari in gama. Abin yana shiga kaina, ina jin daɗinsa."

Na ce ta koma aji.

Kafin kowane wasa akwai takardar da koci ke sa wa hannu, yana shaida cewa duk sunan da ke ciki na ɗaliba ce mai zuwa aji. Na sa hannu a irinta ya fi sau arba'in da sunan lamba bakwai a ciki. Ran Juma'a na tsallake sunan. Lamba bakwai ta zo ta tsaya a gabana da rigarta a jiki, ta dubi takardar, ta dube ni, ta je ta zauna. Da na juya wajen sauran yaran sai kowacce ta kau da kai. Nan na gane rabinsu sun sani tun tuni, suna kallona ina kaɗa takarda ina cika baki. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

A hanyar komawa gida tana bayana a kan babur, mun kusa Zango kafin ta yi magana. Ta ce ta yi ƙoƙari a watannin farko, amma in malami yana zuba Faransanci sai ta ji kamar a bayan bango yake magana. Ta ce ranar da na nuna mata benci ta zaci zan zauna da ita in nuna mata inda ta ɓata, sai ta ga na ɗauki usur na koma fili.

"Koci, ke kika ce goma. Ni kuma babu goma a kaina. Ya zan yi?"

Na ce mata ƙarya ba hanya ba ce, na sauke ta a ƙofar gida. Maganarta dai ta same ni, don gaskiya ne na iya karɓe riga, amma ban taɓa buɗe littafi da ita ba ko sau ɗaya.

Washegari da safe na shiga zauren Alhaji da niyyar ba shi haƙuri a kan amanar da ta lalace a hannuna. Na zaci ransa zai ɓaci ya ce a kira masa yarinyar. Ya bari na gama, ya zuba mini shayi, ya ce ai da saninsa aka yi, shi da ƙaninsa suka zauna suka yanke.

"Me ya ɓace, ƙanwata? Na ce miki karatu nake so ya shigo gida, ya kuma shigo. Wannan 'yata ce, waccan 'yata ce. Takarda in ta fito, sunan uwarmu ne a kai. A bar kaza cikin gashinta."

Na ce masa 'yar cikinsa za ta yi shekara uku da sunan makaranta ta fito ba ta iya rubuta wasiƙa ba. Ya ce mai tsawo Allah ya ba ta tsawo, mai kai ya ba ta kai, shi ba zai ja da rabon Allah ba. Abin haushin, ban ga alamar yana jin ya yi ƙarya ba. Na kuma san shi, mutum ne da ba ya rage wa mai saye ko taƙi ɗaya a atamfa.

Ran Litinin na sami mai makaranta a ofishinsa mai sanyi. Bai musa ba, bai ko gyara zama ba. A Faransanci katin izinin ɗan wasa lisans ake ce masa, takardar gama shekara uku a jami'a ita ma lisans ake ce mata. Ya buɗe hannuwa yana dariya.

"Madam, ina matsalar? Yara biyu ne, kowacce da lisans ɗinta."

Na tambaye shi maganar gyara rajista, ya ɗaga kafaɗa ya ce za a gani, irin za a ganin da ba a taɓa gani. Ya tuna mini cewa da ban kafa dokar goma ba da duk wannan bai taso ba, tunda sauran makarantu ba sa tambayar 'yan wasansu ko sun san ƙofar aji. Ya ce shi alheri ya yi, ya ilimantar da yarinyar da ba ta da kowa. Sannan ya duba agogo ya ce ranar Asabar yana so ya ga lamba bakwai a fili.

Na fito. Ya kamata in je gida in sha ruwa in bari zuciyata ta huce. Ya kamata in koma wurin yarinyar da ta roƙe ni wata huɗu mu sake magana. Ban yi ko ɗaya ba. Na tsaya a wani shagon buga takardu na rubuta wasiƙa shafi biyu zuwa ga kwamitin da ke shirya gasar manyan makarantu. Na faɗi komai, har da sa hannun da na sha yi. A ƙarshe na roƙi a yi wa gajeriyar rajista da takardunta na gaskiya, a bar mata shekarun da ta yi, tunda ita ta yi karatun. Na gaya wa kaina don ita nake yi, kada a cuce ta, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma yau da nake rubuta wannan na san dariyar mutumin nan ce ta kai ni shagon, ita da tunanin fuskokin mazan da na kaɗa wa takarda.

Mako uku babu labari. A cikin makonnin nan gajeriyar tana zuwa aji kullum, tana tsammanin na ji roƙonta na yi shiru. Har saƙon godiya ta aiko mini ta waya, na karanta na kife wayar. Ban sami ƙarfin halin gaya mata abin da na yi ba.

Kwamitin ƙwallo, ƙwallo ya sani. Suka cire mu daga gasar shekarar, suka tura kwafin wasiƙar gaba ga hukumar ilimi, roƙon da na yi a ƙarshenta kuwa ba wanda ya ce ya gan shi. Da masu bincike suka iso, mai makaranta ya dafe ƙirji ya ce iyalin yaran ne suka yaudare shi, ya nemo wani ma'aikacin rajista ya ɗora masa laifi ya kore shi. Ana tsakiyar darasi aka fito da gajeriyar daga aji. Aka soke rajistar gaba ɗaya da duk makin da ke ƙarƙashinta. A idon doka lamba bakwai ɗaliba ce da ta yi sakaci, takwararta kuwa baƙuwa ce da ta shiga ɗakin jarrabawa da rajistar wata, laifin da ake hana mutum zama kowace jarrabawa na wasu shekaru a kansa. Aka hana ta. Na zaga ofis uku ina bayani, ko'ina sai a ba ni kujera, a yaba mini a kan gaskiyata, a raka ni ƙofa.

Ni an sallame ni da wasiƙa mai ladabi. Lamba bakwai ba ta yi mako biyu a gida ba wata ƙungiyar cikin gari ta ɗauke ta, inda ba a tambayar kowa muwayen. Tana can tana wasa, in mun haɗu a lungu tana gaishe ni. Makarantar ta ɗauki sabon koci, alluna suka koma bakin kwalta da sababbin fuskoki. Alhaji yana amsa gaisuwata a taƙaice, matan unguwa kuma in na shiga gidan biki sai hira ta canza. Wata tsohuwa mai ƙaunata ce kaɗai ta faɗa mini a fuska cewa garin gyaran gira na tsone ido. Har yanzu in la'asar ta yi jikina yakan tashi da kansa yana neman usur. An sha yi mini tayin wasu yara in horar, na ƙi, don ban san dokar da zan kafa musu ba. In na ce goma, na ga abin da goma ta haifa. In na ce babu doka, na zama malaman da suka cuce ni. Baƙin cikin wannan bai sake ni ba ko na kwana ɗaya.

Sai da wata huɗun da ta roƙa suka cika har suka wuce kafin in iya zuwa Cissin. Na same ta da rana a ƙofar gidansu tana taya uwarta sayar da benga, wake da shinkafa, ga kanikawan layin. Ta rusuna, ta kawo mini kujera da ruwan sanyi, uwar kuwa ta shige gida ba ta sake fitowa ba. Na ce mata in hukuncin ya ƙare zan tsaya mata ta sake farawa daga shekarar farko a wata makaranta, da takardunta na kanta. Ta ce to, Allah ya kai mu, irin to ɗin da ake ce wa babba don ya yi shiru. Da na ga ba ta tuhume ni da komai ba sai na fara kare kaina ba wanda ya tambaye ni. Na ce ba zan iya ci gaba da sa hannu a kan ƙarya ba. Na ce ko da na yi shiru, takardar ba tata za ta zama ba.

"Na sani, gwaggo," ta ce. "Gaskiya kika faɗa, ba ki ƙara ko kalma ɗaya ba. Shi ya sa ban san da wa zan yi fushi ba." Ta juya ludayi a tukunya. "Abin da kawai ke tsaya mini a rai, a cikinmu duka ni kaɗai ce na shiga aji."

Da na tashi tafiya ta rako ni har wurin babur. A nan ta ce ranar Asabar 'yan ajinsu za su sa doguwar riga da hula su karɓi takardunsu, ƙawayenta sun aiko ta zo, sun ce ita ta fi iya ɗaukar hoto da waya. Ta tambaye ni ko a ganina ya dace ta je. Na sunkuya ina neman makullin babur a jaka. Ta jira kaɗan, sai ta ce in gaida gida.

Daga baya na ji ta je. Mai gadi bai bar ta ta shiga harabar ba, don an riga an ba shi umarni a kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa cikin rana har aka tashi, ƙawayen suka fito da takardunsu suka jeru a gefen kwalta, ta ɗauke su hoto.